Kyamarar farko da ƙaramin jari: abubuwan dubawa kafin a ƙirga kuɗi

A kowane biki ko suna a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, kusan kowa na riƙe da salula yana ɗaukar hoto. Amma idan aka zo kan hoton da za a wanke a rataye a ɗakin amarya, ko bidiyon da za a tura wa dangin da ke Aljeriya, Abijan ko Faransa, wanda ake nema shi ne yaron nan mai baƙar kyamara a wuya. Shi ake buɗe wa hanya cikin taro, shi ne kuma ake biya idan an watse.

Wannan ne ya sa matasa da dama ke mafarkin mallakar kyamarar da ake canja wa ido. Wani adashe yake zubawa, wani babur ɗinsa zai sayar, wani kuma yayansa da ke ci-rani ne ya yi alƙawarin aiko masa. Ko ta wace hanya kuɗin suka zo, sau da yawa su ne jarin gaba ɗaya, kuma idan aka yi kuskure babu na biyu.

Kuskuren da aka fi yi guda ɗaya ne: a zuba kuɗin duka a gangar jikin kyamara saboda suna ko yawan megafiksel, a dawo gida ba ido mai kyau, ba batir na biyu, ba katin ajiya mai aminci. Ranar aikin farko, a ɗakin da ba haske, hotuna su fito dishi-dishi, batir ya mutu ana tsakiyar kamun amarya.

Kowace kyamara da irin bakinta

Irin wannan kyamara kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, inda farantin da ke kama haske yake, wanda ake kira sensa. Akwai kuma ido, wato bututun gilasan da ake murɗawa a gaba, wanda masu sana'ar a Nijar suka fi sani da objektif. Wurin da suke haɗuwa shi ne baki, kuma kowane kamfani da irin nasa.

Bakin F na Nikon yana nan tun 1959. Na Canon mai suna EF ya fito a 1987. Sony ya kawo bakin E a 2010, Fujifilm ya kawo X a 2012. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin baki, RF da Z. Idon Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye, haka na Nikon ba ya hawa kan Sony sai da wani zobe na musamman, kuma ko da zoben ba lallai komai ya yi aiki ba.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya sayi kyamara ya shiga dangi ne. Gangar jiki kan tsufa a canja ta bayan wasu shekaru, idanu kuwa suna bin mai su daga wannan jiki zuwa wancan. Don haka kafin a tambayi wace kyamara ce ta fi, gara a duba wace iri ce a hannun masu hoton unguwa. Idan su Canon suke riƙewa, mai Canon zai samu wanda zai ara masa ido ranar babban aiki, zai samu caja idan tasa ta ƙone, zai kuma samu mai saye ranar da ya tashi sayarwa.

Akwai dangin da aka daina haifa. Canon ya dakatar da jerin EOS M a 2023, kuma idanunsa ba sa hawa kan sabon bakin RF. Nikon 1 da Samsung NX su ma sun daɗe da tsayawa. Kyamarorin na ɗaukar hoto lafiya lau, wasunsu ma kamar M50 suna da farin jini wajen masu bidiyo, sai dai mai saye ya san cewa samun ƙarin ido zai riƙa yin wuya.

Mai madubi ko marar madubi

Kyamarorin da aka saba gani a hannun masu hoton biki, waɗanda ake kira DSLR ko rifleks, suna da madubi a ciki. Shi ke tura hoton zuwa ƴar tagar da ake leƙawa, ya ɗaga sama idan an danna. Marasa madubi, waɗanda Panasonic ya fara fitarwa a 2008, sun cire shi, haske na faɗawa kan sensa kai tsaye, mai ɗauka kuma yana kallon ƙaramin allo.

Tun 2018 manyan kamfanonin suka karkata ga marasa madubi. Masu hoto a Turai, Amurka da Asiya suka yi ta sayar da tsofaffin kayansu, abin da ya sa masu madubi na hannu suka yawaita kuma suka yi sauƙi. Ga mai ƙaramin jari wannan dama ce, domin madubi ba ya ƙara wa hoto kyau, ba ya kuma rage masa.

Inda suka bambanta shi ne batir da bidiyo. A ma'aunin da kamfanonin ke amfani da shi, Nikon D3500 na ɗaukar hoto kusan 1,550 da caji ɗaya, yayin da Sony a6000 marar madubi ke tsayawa a wajen 360. A garin da wuta ke ɗaukewa sa'o'i a lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaya ɓangaren, sababbin marasa madubi sun fi iya bin fuskar mutum yana motsi a bidiyo, sun kuma fi sauƙin ɗauka.

Wanda aikinsa zai fi karkata ga hoton biki, suna da hoton takardu, mai madubi ta hannu za ta ishe shi shekaru. Wanda burinsa bidiyo ne na YouTube, TikTok ko waƙa, ya fi dacewa ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin marar madubi mai ramin makirufo.

Maganar megafiksel

Mai sayarwa zai fara da megafiksel, domin lamba ce mai saurin shiga kai. Amma hoton da ake wankewa na santimita 10 da 15 bai buƙatar fiye da megafiksel 2 domin ya fito tas. Mai girman takardar A4 na buƙatar kusan 9. Bidiyon 1080p megafiksel 2 ne a kowane hoto, 4K kuma kusan 8. WhatsApp da Facebook ma matse hoto suke yi kafin ya isa ga mai kallo. Kenan kyamara mai 18 ko 24 ta wuce abin da mai farawa ke buƙata.

Abin da ya sa tsohuwar kyamara mai 18 ke iya kayar da salula mai 50 ko 108 shi ne girman sensa. Yawancin kyamarorin masu farawa na ɗauke da sensa mai suna APS-C, kimanin milimita 23 da 15, wadda ta ninka ta yawancin salula sau da yawa. Babban faranti ya fi tara haske, kamar yadda babbar roba ta fi kofi tarar ruwan sama. Akwai wadda ta fi ta girma, milimita 36 da 24, amma ita da idanunta tsada gare su, kuma ba nan mai ƙaramin jari zai fara ba.

Inda kuɗi suka fi amfani

Yawancin kyamarori na zuwa da ido mai lamba 18-55mm. Ido ne mai amfani: a 18 yana kwashe mutane da yawa a ƙaramin ɗaki, a 55 yana matso da fuska. Rauninsa haske ne. A jikinsa an rubuta f/3.5-5.6, kuma a wannan lissafin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idan aka matso da shi zuwa 55, ƙofar ta tsuke ta koma 5.6.

Ido mai lamba 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki 10 na abin da f/5.6 ke shigarwa. Shi ne ke fitar da fuskar amarya sarai a ɗakin da ƙwai ɗaya ke ci, shi ne kuma ke narkar da bayan mutum ya zama laushi, irin hoton da ake gani a san ba na salula ba ne.

Sai dai a kan sensa APS-C, idon 50 yana gani kamar 75 ko 80, wato a ƙuntace. A ɗakin da ba wurin ja da baya, mutum ɗaya ko biyu kawai zai ɗauka. Shi ya sa ba a yar da 18-55. Masu Nikon suna da zaɓin 35mm f/1.8G, wanda ya fi faɗin gani, masu Canon kuma 24mm f/2.8.

Akwai tarko ɗaya ga masu Nikon. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya ido a jikinsu. Idan aka ɗora musu tsohon ido mai harafin D, kamar 50mm f/1.8D, ba zai saita kansa ba, sai an murɗa da hannu. Wanda ya dace da su shi ne mai alamar AF-S, kamar 50mm f/1.8G. Bambancin harafi ɗaya ne, amma ya isa ya ɓata aikin yini.

Dogon ido, irin 55-250mm na Canon ko 55-200mm na Nikon, na wanda zai ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Damagaram ko kokowar takobin ƙasa daga bakin fili ne. Wannan zai iya jira har sana'a ta fara mayar da kuɗinta.

Waɗanda aka fi cin karo da su

A ɓangaren Canon, 600D ta 2011 da 700D ta 2013 duka megafiksel 18 ne, suna da allo mai juyawa da ramin makirufo. Sun tsufa, amma suna aiki, kuma batirinsu ba ya wuyar samu. 2000D da 4000D na 2018 sun fi su sabunta, sai dai ba su da ramin makirufo, allonsu ba ya juyawa, kuma da yawa daga cikinsu sun fito ba tare da ƙarfen tsakiya a mazaunin filash ba, abin da ke hana wasu filash masu araha tashi. 250D ta 2019 ta fi su iya saita fuska a bidiyo.

A ɓangaren Nikon, D3200, D3300, D3400 da D3500 duka megafiksel 24 ne. Biyun farko suna da ramin makirufo, biyun ƙarshe babu. D5300 da D5600 sun ƙara allo mai juyawa.

A marasa madubi, Sony a6000 ta 2014 tana da sauri wajen hoto amma ba ta da ramin makirufo irin na kowa da kowa. a6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021 sun fi dacewa da bidiyo. Masu iya kai wa sabuwa za su ga Canon R50 da Nikon Z30, kuma dukansu na karɓar tsofaffin idanun kamfaninsu ta hanyar zobe.

Mai niyyar ɗaukar wa'azi, taro ko ɗaurin aure ya sani cewa da yawa daga tsofaffin kyamarorin nan suna katse bidiyo kafin ya cika minti 30, wasu ma a minti 20. Sai an sake dannawa.

Gani ya kori ji

Kayan hannu ba a sayensu da hoton WhatsApp. Ko a shago ne a Yamai, ko an tsallaka Kano, ko a hannun wani mai hoton da zai canja tasa, mai saye ya je da katinsa, idan da hali kuma ya je da wanda ya san aikin.

Abu na farko shi ne yawan dannawar da aka yi mata. A cikin kyamara akwai labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, kuma na ƙananan kyamarori an ƙera shi ne ya kai wajen dannawa 100,000. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. Na Canon yakan buƙaci a haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi 15,000 da wadda ta yi 90,000 bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya ba, ko da a ido sun yi kama.

Na biyu, sensa. A tsuke ido zuwa f/16 ko f/22, a ɗauki sararin sama ko farin bango, a faɗaɗa hoton. Ƴan ɗige-ɗige ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi ko tabon da ba ya gushewa na iya zama ƙarzuwa, wannan a bar ta.

Na uku, ido. A cire shi, a haska fitilar salula ta ciki. Idan aka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, wadda ke kama gilashin da ya daɗe a wuri mai danshi irin garuruwan bakin teku. Tana yaɗuwa, kuma cire ta aiki ne mai tsada.

Daga nan a gwada kowane maɓalli, a ɗauki hoto kusa da nesa a ga ko tana saitawa, a yi bidiyon minti biyar a saurari sauti, a duba ƙofar batir da ta kati. A ƙarshe a karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar da ke ƙarƙashin kyamarar. Kayan da aka karyar da kuɗinsa fiye da hankali, ba caja, ba takarda, mai shi kuma yana gaggawa, abin a yi hattara da shi ne.

Katin ajiya ma abin lura ne, domin jabu sun yi yawa. Wani zai nuna giga 64 alhali abin da yake ɗauka bai kai rabi ba, sai an gama biki a tarar hotuna sun lalace. Kafin ranar aiki a cika shi da fayil, a kwafe zuwa kwamfuta, a buɗe a gani. Kati biyu masu giga 32 sun fi ɗaya mai 64 kwanciyar hankali. Mai ɗaukar 4K ya nemi mai alamar U3 ko V30.

Ƙura, rana da wuta

Yawancin kamfanoni na rubuta cewa kyamararsu na aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin Nijar na wuce haka. Kyamarar da aka bari a rana, ko a cikin mota a rufe, za ta iya kashe kanta ana tsakiyar bidiyo, batirinta kuma ya saurin lalacewa. Inuwa da farin ƙyalle a kai suna taimakawa.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ba a canja ido a fili ana iska. A kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a yi sauri. Marasa madubi sun fi shan wahala a nan, domin da an cire ido sensa a buɗe take. Ba a hura mata iska da baki, ba a sa mata bakin riga. Ƴar robar hura iska da ƙyalle mai laushi na gilashi ba su da tsada, kuma suna cikin abin da ya kamata a saya rana ɗaya da kyamarar.

Wutar Nijar na tafiya a kan 50Hz. Idan kyamarar da ta zo daga Amurka tana kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin wasu fitilu zai riƙa ƙyaftawa. A shiga saiti a mayar da ita PAL, wato 25 ko 50.

Ga mai aikowa daga waje

Yayan da ke son faranta wa ƙaninsa rai ya tambaye shi tukuna: hoto zai yi ko bidiyo, kuma wace iri ce a hannun wanda zai koya masa? Kiran minti biyar zai hana a aiko da abin da ba a samun batirinsa a gari.

Sunayen Canon na canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da Turai ke kira 600D, a Amurka Rebel T3i ce, a Japan Kiss X5. 700D ita ce T5i, 2000D ita ce T7, 250D kuma SL3. Kyamara ɗaya ce. Amma kyamarorin Sony da aka yi don kasuwar cikin Japan da Japananci kawai suke magana, ba a iya mayar da su Faransanci ta saitin yau da kullum. A tabbatar da harshen kafin a biya.

Cajojin kyamara galibi na karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka kan filogi kawai za a canja. Batiran da ba sa cikin kyamara dokar jiragen sama ta ce a jakar hannu ake sa su, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba. Takardar saye kuma ta biyo kayan, saboda duwan da kuma ranar da za a sayar.

Ga masu lissafi da yuro, farashin canjin a tsaye yake: yuro 1 sefa 655.957 ne. Yuro 300 kenan jika 197 ba kaɗan.

Yadda za a raba abin da ke hannu

A ce matashi ya tara jika 200. Idan ya kashe kusan 120 a gangar jiki da idon da ta zo da shi, ya ware wajen 45 don ido mai f/1.8, sauran 35 ɗin su tafi ga batir na biyu, kati biyu, jaka da kayan goge ƙura, ya fita da kayan aiki cikakku. Lambobin za su motsa gwargwadon kasuwa da canjin ranar, amma tsarin rabon shi ne abin riƙewa. Idan kuɗin ba su kai ba, a sauka zuwa gangar jikin da ta fi tsufa, kada a taɓa kason ido da batir. Filash da makirufo su ne sayayya ta gaba, daga kuɗin aikin farko.

Saura koyo, wanda ba a saye. Abubuwa uku ne ke haɗa hoto: faɗin ƙofar ido, saurin labule, da ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa. Mutanen da ke tsaye suna hira na buƙatar saurin 1/125 ko fiye, doki a guje ko ɗan kokowa na buƙatar wajen 1/1000. Wanda ya yi wata guda yana gwada waɗannan a kan abokansa a fada, ko ya bi wani tsohon hannu yana riƙe masa jaka a bukukuwa uku ko huɗu, ya fi wanda ya sayi mai tsada ya bar ta a kan saitin da take yi wa kanta komai.

Tarihin sana'ar a wannan yanki ma haka ya nuna. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, ya fara ne da ƴar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Malick Sidibé, wanda ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007, shi ma da Brownie ya fara. A Yamai, hotunan Philippe Koudjina ne suka adana wa ƴan baya yadda matasan birnin ke shaƙatawa a shekarun 1960 da 1970. Kowace kyamarar da aka lissafa a sama, har wadda ta fi tsufa, tana da abubuwan da waɗannan mutane ba su taɓa samu ba a farkon aikinsu.